Yadda Muka Cinye Digirin Anti Keji

A kasuwar Bodija ta Ibadan har gobe akwai matan da za su dafa kai su rantse cewa 'yar gwaggona Morenikeji ta zama bokanya a Legas. Wai bokanyar manyan bankuna ce, mai kwat da takalmi mai tsini. Wai tana shiga ofishin shugaban kamfani a rufe ƙofa a kashe fitila, ta watsa wuri a jikin bango, wurin ya maƙale ya ƙi faɗowa, ita kuma ta ƙura masa ido ta ce a kori wane da wane, a sayar da reshen Akure. Wata mai sayar da attarugu ta ce da idonta ta ga an shigar mata da baƙin bunsuru cikin lifta har hawa na sha huɗu, da katin baƙi rataye a wuyansa.

Ƙarya ce, kuma na fi kowa sani, don rabin labarin a bakin shagona aka haife shi, katin nan ma ni na rataya wa bunsurun. Babu wani wuri, majigi ne ke haska zane-zane a bango. Maganar bunsuru kuwa raini ce. Boka bunsuru ɗaya yake karɓa ya sallame ka, su kuwa abin da kamfaninsu ke karɓa a aiki guda zai sayi awakin Oke-Ogun kaf har da masu kiwonsu. Amma kashe fitila da kallon bango da korar wane da wane, wannan duk haka yake. Sunan sana'ar ba da shawara. Masu kuɗi su kira ka, ka gaya musu yadda za su tafiyar da kamfanin da iyayensu suka kafa tun ba a haife ka ba, su biya ka, su kuma raka ka har bakin mota.

Ni ne Mufutau, Mufu Taya in kana neman shagona a Iwo Road. Babana da uwar Keji ciki ɗaya suka fito. Ko sunanta ba a yi ba aka haife ni, amma wannan 'yar tazarar ta ja min kiran ta Anti har in koma ga Allah, in mun haɗu da safe kuma sai na rusuna. Ina rusunawa, da baki nake ramawa.

Tare aka kai mu makaranta. Ni na yi sallama da boko a aji uku na sakandare, muka rabu lafiya ba wanda ya yi kewar wani. Anti Keji kuwa kamar a ƙarƙashin allo aka binne cibiyarta. Ta yi digiri na farko, ta yi na biyu, muka ɗinka anko muka ci shinkafa muka ce an gama, sai ta koma ta ɗauko na uku. A kan doya. Doyar da uwarta, Iya Keji, ke daka wa direbobi sakwara da ita a Mokola tun muna rarrafe, ba tare da kowa ya ba ta ko takardar shaida ba.

Bari in yi mata adalci sau ɗaya, kada ta ce ban taɓa yi ba. Shekara da shekaru yarinyar nan tana hawa acaɓa zuwa ƙauyukan da ko 'yan siyasa ba sa zuwa, tana durƙusa wa tsofaffi tana roƙon irin doyar da 'ya'yansu suka daina nomawa. Akwai mai gashi kamar ƙaurin tsoho, akwai wadda fari ba ya yi mata komai, akwai wadda ƙwaro ke tsallakewa ya je ya ci ta maƙwabta. Ta tara iri sama da ɗari biyu a wani fili cikin cibiyar binciken noma da ke bayan gari, inda take aiki. Akwai guda ɗaya daga ƙauyen kakarmu, can wajen Saki, cikinta ja kamar an zuba mata manja. Tsohuwar da ta ba ta sai da ta sa ta dafa ƙasa ta yi alkawarin ba za ta bari irin ya mutu a hannunta ba, don a duk yankin ita kaɗai ta rage da shi. Daminar da ta biyo baya aka binne tsohuwar.

Doya kuma muguwar ajiya ce. Masara ka zuba a kwalba ka toshe, ka je yawon duniya ka dawo ka tarar tana jiranka. Doya ba ta jiran kowa. Kowace shekara sai an shuka ta, an kafa mata sanda, an tona, an ɗaure ta a rumfa, an sake mayar da ita ƙasa. Damina ɗaya ta wuce ka, shi ke nan, irin ya bi tsohuwar da ta ba ka.

Turawan da ke ɗaukar nauyin binciken suka gaji suka koma wani abu. Cibiyar ta ce ba gurbin ɗaukar ma'aikaci na dindindin, ta dai ci gaba da zuwa a matsayin ta wucin gadi har Allah Ya kawo. Ta ci gaba da zuwa. In ana yajin aiki ita ce ke tsallake shinge ta je ta duba sanduna. Furfura ta fara leƙo mata a goshi tana kwana a ɗaki ɗaya da uwarta, rufin yana yoyo a kan kundin digirin.

Iya Keji ba ta iya ɓoye magana ba. Rannan ina zaune ina cin sakwara a rumfarta ta ce, “Dokita, ƙawayenki sun gina wa iyayensu gidaje, ke kin gina wa doya rumfa. Gwiwar nan tawa ko allura ba ki iya yi mata ba. In na mutu doyar ce za ta zo ta yi min wanka?”

Anti Keji ta ci gaba da wanke kwanuka. A satin nan ta nemi wata tsohuwar abokiyar karatunta da ta ce mata kamfanonin shawara na Legas suna ɗaukar masu digiri na uku, ko a kan tururuwa ka yi shi, su dai Dakta suke so a gaban suna.

Intabiyu na farko ta dawo da jan ido, ta zauna a kan taya a shagona. Wai wani mai siririn nektai ya tambaye ta, “Dakta, doya nawa ake ci a Legas a rana ɗaya?” Ta ji daɗi, ta ce yau an zo gonarta. Ta ce masa ya danganta da wace irin doya, ya danganta da ko kaka ce ko bazara, ya danganta da ko garin amala ma za a lissafa shi doya, kuma a gaskiya ba wanda ya taɓa yin ƙidayar da za a dogara da ita, amma in za a ba ta shekara biyu da mataimaka huɗu za ta iya kusantar amsa. Mutumin ya duba agogo ya yi mata godiya.

Tana cikin ba ni labari wani direban tasi ya tsaya neman taya. Na mirgino masa guda na buga ta da tafin hannu.

“Wannan daga motar wata tsohuwa aka ciro ta a Jamus. Coci kawai take zuwa da ita, cocin ma a bakin layinsu yake. Kilomita dubu arba'in da biyu za ta yi maka. In ta gaza ka dawo ka zagi babana.”

Ya biya ya tafi. Anti Keji ta bi ni da kallo.

“Mufu, a ina ka samo dubu arba'in da biyu?”

“A inda na samo tsohuwar.”

“To me ya kawo da biyu?”

“In na ce arba'in cif zai ce cinta na yi. In na ƙara biyu zai ce na auna.”

Na zaci wa'azi take haɗa min. Can ta ce, “Koya min.”

Ka ji yadda mai aji uku ya zama malamin Dakta. Na sa mata doka. Lamba ta fara fita, dalili ya biyo ta a baya in ya ga dama. Dalilin kuma uku, ko da guda ɗaya gare ki ki raba shi uku. Ki kalli mutum a karan hanci, kada ki ƙifta. Duk lokacin da ta ce “watakila” ko “ya danganta” sai ta saya min lemo. Na sha lemon da zai ishe ni wanka da wankin kaya. Amma ƙwaƙwalwa gare ta, ba a ja dogon lokaci ba ta fi ni, don ni ƙaryata tsirara take fita, tata kuwa da riga da wando har da hula. A kamfani na biyu aka tambaye ta janareto nawa ne a Ikeja, ta ba da amsa mai tambayar bai gama rufe baki ba. Suka ɗauke ta.

Watan farko kullum sai ta kira ni tana huci. Wai ranar da aka ba su sabon aiki, tun kafin wani ya taka ƙafa a masana'antar da za su gyara, sai su taru a wani ɗakin gilashi su rubuta amsa a allo. Sannan a bazu neman hujjojin da za su tallafe ta.

“Mufu, a inda na fito wannan laifi ne, korar mutum ake yi a kansa. A nan sunansa ƙwarewa.”

“Anti, barka da zuwa Iwo Road. Bambancinmu da ku na'urar sanyaya ɗaki.”

Hucin bai daɗe ba. Ta ba masu siminti shawara, ita da ba ta taɓa ɗaga buhu ba. Ta ba masu taliya, ta ba masu inshora, ta ba wani banki, a nan ne aka sayar da reshen da matan Bodija ke magana a kai. Tana tsayawa gaban majigi ta ce kashi sha bakwai cikin ɗari, manya masu tumbi su gyaɗa kai su rubuta. Aka canza rufin Iya Keji, aka kai gwiwar asibitin kuɗi. Kuma duk wata tana aika wa leburori uku haƙƙinsu don su ci gaba da kula da filin doyar. In ta samu hutu sai ta zo a motar Legas, ta cire mai tsini ta zura takalmin roba, ta shige cikin kunyoyi tana magana da ganye. Ta ce min aikin Legas na ɗan lokaci ne, doya take yi wa ƙwadago.

A shekararta ta uku gari ya ci ya kai bakin shingen cibiyar. Aka naɗa sabon shugaban hukumar gudanarwa, Cif Ajetunmobi, mai otal-otal, ya zagaya ya ga ɗakunan gwaji sun zama gidan jemagu, ya ce a kira masu shawara daga Legas. Cikin duk kamfanonin duniya sai aka kira na su Anti Keji. Ranar farko aka shiga ɗakin gilashi aka rubuta amsa: a ba magina filin da ke bakin titi su yi rukunin gidaje, a gyara ɗakunan gwaji da abin da aka samu. Filin bakin titi shi ne filin doya.

Ogansu, Mista Olaseinde, mutum ne mai sanyin murya, ko korar ka zai yi sai ka ji kamar addu'a yake maka. Ya kira ta ofis.

“Dakta, ke za ki riƙe wannan aikin. In sunanki na kan rahoton ba mai cewa 'yan Legas sun zo sun yi shirme a abin da ba su sani ba.”

“Oga, filina ne.”

“Shi ya sa. Kawo min dalilin da zai sa a bar shi. In dai zai shiga allo ɗaya na majigi, da lamba a ƙasansa, ni da kaina zan tsaya miki.”

Ta koma ta rubuto shafi tamanin, da ƙananan rubutu a gindin kowane shafi irin wanda sai da tabarau biyu. Mista Olaseinde ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina kamar mai sayen kaza. Ya ce, “Wannan na jami'a ne, Dakta. Cif allo ɗaya zai kalla, shi ma yana danna waya.”

Sai ta zo wurin malaminta. Na ce ta kwantar da hankali, wannan ai ƙaramar taya ce.

“Ki ce dukiyar biliyan sha bakwai da rabi ce kwance a ƙasar nan. Ki ce Turawa na neman jar nan ruwa a jallo don maganin ciwon suga. Ki ce nan da shekara biyar.”

“Ba a gwada ba, Mufu.”

“Simintin kin gwada?”

Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ta miƙe tsaye tsakanin tayoyi ta maimaita, ta kalle ni a karan hanci, ba ƙiftawa. Wallahi da ina da biliyan sha bakwai da a take na saya.

Ban shiga ɗakin taron ba, ba a barin mai baƙin farce ya zauna a irin kujerun nan. Ita ta ba ni labari daga baya a cikin motarta, kuma wannan ɓangaren ban sa masa gishiri ba. Aka kashe fitila, aka haska allon magina, da lamba da ranar gamawa da hoton yara suna wasa a kan ciyawa. Sannan aka haska nata, hoton jar doyar an tsaga ta biyu. Cif ya kife wayarsa a kan tebur, abin da aka ce bai cika yi ba.

“Dakta, 'yata, ni ɗan kasuwa ne, bokona bai yi nisa ba. Uwata ma doya ta noma ta rene ni. Tambaya ɗaya zan yi miki. Abin nan zai yi amfani ko ba zai yi ba? In zai yi, yaushe? An ce duk ƙasar nan ba wanda ya fi ki sani. In kin ce e, na bar miki filinki, magina su nemi wani wuri.”

Da gaske yake, ita ma ta san da gaske yake. Lambar na kan harshenta, da rabinta da komai. Ta ɗaga kai ta kalli hoton da ke bango.

“Baba, ya danganta.”

Ta ce ta ji Mista Olaseinde ya ajiye biro a hankali.

“Watakila uku ko huɗu daga cikinsu su ceci gonakin mutane in wata cuta ta zo. Watakila cutar ba za ta zo a zamaninmu ba. Ban san waɗanne ne ukun ba, shi ya sa ake ajiye su duka. Yaushe kuma, Baba, ban sani ba. Ba wanda ya sani.”

Cif ya jinjina kai. Ya ce, “Na gode da gaskiya, 'yata. Irinku sun yi ƙaranci.” Sannan ya ce a dawo masa da allon da ke da ranar gamawa.

A cikin motar na riƙe kai. Na ce, “Anti, siminti kin yi masa ƙarya, taliya kin yi mata, banki kin yi masa har mutane suka rasa aiki. Sai wanda ya fi kowa buƙatar ƙaryarki kika hana shi? Lemon da kika saya min duk a banza?”

Ta ce, “Siminti ban san komai a kansa ba, shi ya sa bakina bai yi nauyi ba.” Ta tayar da mota.

Alfarma ɗaya Cif ya yi mata, ya ce a jira a tone doyar. Aka tona, aka ɗaure a rumfa yadda aka saba, kowane iri a jikin sandarsa, sunansa da ƙauyen da ya fito a rubuce a ɗan gwangwani an kafe a saman sandar. Ta shiga neman inda za ta mayar da su ƙasa kafin ruwan farko. Wata makaranta a Iseyin ta ce za ta ba da gefen filin ƙwallo, amma sai ta zo da kanta ta tsaya a kan shukar, don ba wanda zai iya jera iri ɗari biyu ba tare da ya cakuɗa ba. Daidai lokacin kamfani ya tura ta Fatakwal wurin masu bututun mai. Litinin zuwa Juma'a a ofishin masu aikin, Asabar a gyara allunan da aka yi Litinin zuwa Juma'a. Ta nemi hutu. Mista Olaseinde ya ce da zarar an gama wannan, ya kuma tuna mata cikin sanyin murya cewa a watannin nan ake duba waɗanda za a ƙara wa girma.

Magina ba su jira ruwan farko ba. Leburori suka bugo mata waya cewa katafila ta iso, an ce a kwashe rumfa. Tsakanin taro da taro, tana tsaye a baranda, ta samu wani mai a-kori-kura a waya ta ce ya je ya kwashe komai ya kai gidan Iya Keji. Bawan Allah ya yi aikinsa tsakani da Allah, ko ƙwaya ɗaya bai bari ba. Ya yanke igiyoyi ya loda doya ya juye a tsakar gida. Sanduna kuwa, wa ke biyan mota don ta ɗauko sanduna? Katafila ta bi ta kansu da gwangwanayensu.

Ran Lahadi ta sauka. Ina nan, don labarin tulin doya ya riga ya zagaya dangi.

Iya Keji ta ce, “Sannu da hanya, Dokita. Ga 'ya'yanki an kawo, sun cinye min tsakar gida, ko shanya ba na iya yi.”

“Iya, ina sandunan?”

“Waɗanne sanduna? Itace ya ƙare a Ibadan ne?”

Anti Keji ta ajiye jaka. Ta durƙusa a ƙasa da kayan Legas ɗinta ta fara ɗaukar doya ɗaya bayan ɗaya, ta juya, ta kankare da farce, ta shinshina. Wadda ta gane ta ajiye gefe ta faɗi sunanta da ƙauyenta a hankali, kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Wadda ba ta gane ba ta daɗe tana riƙe da ita. Ni da na zo da tsokana cike da baki na tsaya ina miƙa mata. Zuwa la'asar ta ware kamar talatin da za ta iya rantsewa a kansu, sauran duk sun zama doya kawai, irin wadda ake sayarwa a kashi. Waya ta yi ƙara, jirgin yamma ba ya jira. Ta karkaɗe gwiwa.

“Iya, kada a taɓa ko ɗaya. Asabar ina nan.”

Asabar ta zo ba ta zo ba, ta gaba ma haka. Awakin maƙwabta suka shigo suka mayar da talatin ɗin cikin 'yan'uwansu. Doya ta fara tsiro, dogayen hannuwa suna lalube a iska suna neman ƙasa a kan siminti. Ruwan farko ya sauka, na ƙasan tulin suka fara wari. Iya Keji ta ce tun tana budurwa take sayar da abinci, ba ta taɓa zama ta zuba ido abinci ya ruɓe a gabanta ba, kuma ba za ta fara da tsufanta ba don wani digiri. Ta aika a gaya wa dangi kowa ya zo da buhu.

Makonni ana jin taɓarya a unguwar nan kamar ana kiɗan sarauta. Direbobin Mokola suka ci karatun shekara goma sha wani abu da miyar agushi, suna tambayar Iya ko ta canza mai kawo mata kaya. Mai gashi ta tafi gidan kawu, wadda fari ba ya yi mata komai ta ƙare a cikin manja da barkono. Ja ɗin nan kuwa a buhuna ta faɗo. Tsohuwar Saki ta san abin da ta ajiye. Sakwarar ta yi danƙo, ta yi wani ƙamshi kamar ƙasa bayan yayyafi, na ci na siɗe hannu, sannan na zauna shiru har matata ta zo ta dafa ni ta ce ko ƙashi ne ya tsaya min a wuya, don tun da ta aure ni ba ta taɓa jin gidan ya yi tsit haka ba.

Da Anti Keji ta bugo, Iya ta gaya mata ba kwana-kwana. Ina kusa, na ji amsar. “To, Iya,” ta ce. Sai ta tambayi gwiwa.

Filin yanzu gidaje ne masu jan rufi, da ciyawar roba a bakin ƙofa. An yi wa ɗakunan gwaji fenti. Anti Keji kuma an ƙara mata girma, yanzu ita ce ke zama a bayan tebur tana yi wa sababbin daktoci intabiyu. Abokiyarta ta ce min tambayar doyar Legas take musu, duk wanda ya ce ya danganta sai ta duba agogo ta yi masa godiya. Ban sani ba ko gaskiya ne, ni dai ba ni na ƙirƙira ba.

Watan jiya aka buɗe sabon gidan da ta gina wa Iya Keji a Akobo. Anko ruwan zuma, masu kalangu, liƙi har ana taka kuɗi. Iya ta ɗaura ɗankwalin da sai da ta karkata kafin ta shiga ƙofar gidan nata. Mista Olaseinde ya zo, aka ba shi lasifika, ya ce a duk shekarunsa bai ga ma'aikaciya marar son kai irin Dakta ba, wadda aka ba ta aiki a kan filinta kuma ba ta karkata ba. Aka tafa. Ita ma ta tafa, sau biyu, a hankali.

Na lura shinkafa aka zuba mata. Tun lokacin nan ba wanda ya ƙara ganin doya a bakinta. To ni kuma Allah bai halicce ni da birki ba. Na ɗauko malmalar sakwara mai zafi na ja kujera kusa da ita, 'yan'uwa suka matso don sun san za a yi.

“Anti Dokita, ranki ya daɗe, bokanyar bankuna. Ga wata mara lafiya na kawo a duba min. Wace iri ce, daga wane ƙauye? Amsa a gaba, dalili uku a baya. In kika ce ya danganta akwai lemo a cikin firji.”

Aka kwashe da dariya. Ta ajiye cokali, ta goge baki, ta kalle ni a karan hanci yadda na koya mata.

“Mufu, tun kana aji uku kake ƙarya a bakin titi, har yau ko ƙofar shago ba ta canza maka ba. Tawa ga ta nan kana zaune a cikinta kana cin nama. Gaskiya kuma sau ɗaya na faɗe ta, kai ka zo da buhu ka ɗauke ta ka cinye da agushi. Ɗauke min kwanon nan daga gabana, ka je ka rusuna wa Iya, ƙanena.”